Zabo, Karen da Ba Mu Fahimta Ba

Da kakar shekarar 2003 yayana ya iso gida Sarkin Yamma daga Yamai, riƙe da kare a igiya. Baturen da yake yi wa tuƙi ne ya koma ƙasarsu, ya bar masa shi amana. Kafin la'asar yaran unguwa sun cika ƙofar gidanmu, domin ba wanda ya taɓa ganin irinsa: fari fat, an yayyafa masa baƙaƙen ɗigo tun daga kunne har wutsiya, ga faɗin ƙirji, ga ɗamammen ciki. Wani yaro ya ce zabo ne aka juya wa riga, sunan kuwa ya bi shi.

Mahaifinmu bai yarda kare ya kwana a gidan ba sai da ya ji ta bakin limamin unguwa. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, an kuma yarda a ajiye shi don farauta, ko kiwo, ko tsaron gona, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Sannan ya tambaya: "To, naku wane aiki zai yi?" Ba wanda ya ba shi amsa.

Muka ɗaure Zabo a gindin dogon yaron da ke tsakar gida. Cikin mako biyu ya tone ƙasa har saiwa ta fito, ya tauna tabarmi biyu, dare kuwa ba ya barin kowa ya runtsa. Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, ko ka kira shi sau goma ba ya waiwayowa. Muka ce girman kai ne na karen Turawa, muka shiga dukansa. Ina ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin, kuma tsumagiyata ta fi ta kowa sauka a bayansa.

Kawuna, wanda ya yi farauta a dajin Baban Rafi da ƙuruciyarsa, shi ya warware mana. Ya lallaɓa ta bayan karen yana barci, ya buga tasa biyu da ƙarfi. Zabo ko kunne bai kaɗa ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ajiye sandar nan. Karen nan ba taurin kai gare shi ba, kurma ne." A nan ne yayana ya tuna cewa Baturen da hannu yake yi masa magana, shi kuwa ya ɗauka wani salo ne na Turawa.

Sai da na girma na shiga karatu na san asalinsa. Sunan jinsin Dalmeshiyan, daga yankin Dalmeshiya da ke gaɓar teku a ƙasar Kuroshiya. Ana haifar ƴaƴansu farare tas, ɗigon ba ya bayyana sai bayan kamar mako biyu. Kurumta kuwa gado ce a cikinsu: binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan 8 cikin 100 ba sa ji da kunne duka biyu, wajen 22 cikin 100 kuma da kunne ɗaya suke ji. A Ingila, ƙarni na 18 da na 19, aikinsu shi ne gudu a gefen keken doki, su yi tafiya mai nisa suna tsaron dawaki da kaya. A Amurka ma sun riƙa share hanya gaban dawakin ƴan kwana-kwana. Dabbar da aka tsara don gudun yini guda, ita muka ɗaure da igiya kamu huɗu. Kuskuren bai tsaya a kanmu ba: bayan fim ɗin Disney na 1996 kan waɗannan karnuka, mutane da yawa a Amurka sun saye su don kyan ɗigo, suka yasar da su da suka ga ba za su iya da ƙarfinsu ba.

Kawu bai san wannan tarihi ba, amma ya san dabba. Ya kwance Zabo ya kai shi wurin dokinsa. Tun ranar, duk asuba in ya hau zuwa gonarsa ta fadamar Gulbin Maraɗi, karen na gefen doki, ba ya gaba, ba ya baya. Ya daina tono, ya daina kukan dare. Na koyi kiransa da ɗaga hannu, da buga ƙafa a ƙasa don ya ji motsi kafin in taɓa shi, saboda kurman kare in an razana shi yana iya cizo. Da yamma nakan cire masa kaska da ƙarangiya. Da bazara, in zafi ya wuce digiri 40, ba ma fita da shi sai da sanyin safiya, don fatarsa ba ta jure rana kamar ta karnukanmu na farauta.

Inda muka sake kuskure, ƙauna ce ta ja mu. Don in goge laifin dukan da na yi masa, duk ranar kasuwa sai in roƙo masa hanta da ƙoda wurin mahauta. Ban san cewa jikin wannan jinsi ba ya narkar da wani sinadari da ake kira asid urik yadda na sauran karnuka ke yi ba. Kayan ciki suna ƙara yawansa, sai ya dunƙule ya zama tsakuwa a mafitsara, ya toshe hanyar fitsari, musamman ga namiji. Ragowar tuwo da nono da ƙwai da ɗan nama, tare da ruwa mai yawa a kowane lokaci, da sun fi masa alheri.

A watan Afrilun 2006 ya fara tsugunawa yana nishi, fitsari ba ya fita sai ɗigo da jini. Muka ce zafi ne, muka jira kwana biyu. Da muka kai shi Maraɗi a amalanke, likitan dabbobi ya taɓa cikinsa ya tambaye ni abin da yake ci. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai, ya ce mun makara. A hanyar komawa ya cika.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sau biyu na cuci Zabo, da sanda da kuma hanta, duka biyun ina ganin daidai nake yi. Yau in na ga irinsa a ɗaure bayan ƙofar ƙarfe a Maraɗi ko Yamai, an saye shi don ado, nakan tsaya in yi sallama da mai gidan. In ya ba ni dama, sai in tambaye shi ko ya gwada jin karen, da abin da yake ba shi, sannan in yi masa tambayar da limaminmu ya yi mana: wane aiki zai yi?