Kafin a ce mata mai wabi, a duba jininta

Yau ba a bakin makirfo muke ba, rubutu za mu yi, domin maganar ta shafi gidanmu.

Muna da ƙanwa, ɗiyar gwaggonmu, tana aure a wani ƙauye arewa da Tahoua, wajen Barmou. Haihuwarta ta fari namiji ne, lafiya lau, yau har ya shiga lakwal. Ta biyu mace ce. Tun ranar da anka haife ta idonta ya yi ɗorawa, jiki ya bi. Tsofaffi sunka ce shawara ce, anka jiƙa saiwoyi. Ba ta kai suna ba. Ciki na uku kuwa, a wata takwas ɗan ya daina motsi. Daga nan sai suna ya canza, ta zama "mai wabi". Wasu sunka ce iska ce, wasu sunka nuna kishiya da baki. Mijin yana Abidjan wajen biɗa, kuɗin magani kawai yake aikowa.

Sai a ciki na huɗu munka kawo ta birni awo. Ungozomar likita ta sa anka ɗebi jini, takarda ta fito: O negatif. Ta tambaye mu: "An taɓa yi mata allura bayan haihuwar fari?" Munka yi tsit. Mu da munka karanta rezus a aji, munka rubuta shi a jarrabawa, ba mu taɓa kawo shi a ranmu ba a kan ƴar'uwarmu. Wannan kunyar ce ta sa mu rubutun nan.

Ga yadda abin yake. Bayan rukunin A, B, AB da O, akwai wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini. Karl Landsteiner da Alexander Wiener ne sunka bayyana ta a 1940, anka sa mata suna rezus. Mai ita pozitif ne, marar ita negatif. A Turai kusan mutum 15 cikin 100 negatif ne. A ƙasashenmu ba su kai haka ba, shi ya sa ake mantawa da su. Kuma negatif ba ciwo ba ne, halitta ce.

Matsalar tana tasowa in uwa negatif ce, uba pozitif, ɗan ciki kuma ya ɗauko jinin uba. Lokacin haihuwa, ko ɓari, ko zubar jini, ɗan jinin jariri yakan shiga jikin uwa. Jikinta sai ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa dakarun yaƙi da shi. Ɗan fari galibi ya riga ya fito, ya tsira. Na bayansa ne dakarun ke tararwa ta mabiyiya, su farfasa masa jini. Sai ƙarancin jini, kumburi, mutuwa a ciki, ko shawara mai tsanani da kan taɓa ƙwaƙwalwa ta bar yaro da kurumta. Lafiyar ɗan fari ita ke yaudarar gida.

Rigakafi akwai, tun 1968 ake amfani da shi: allurar anti-D. Ana yin ta cikin awa 72 bayan haihuwa in jaririn pozitif ne, haka ma bayan ɓari, kuma likita kan ba da ita wajen mako na 28 na ciki. Amma ku riƙe wannan da kyau: allurar hanawa take, ba ta warkarwa. In jiki ya riga ya haɗa dakarun, lokacinta ya wuce. Abin da ya faru da ƙanwarmu ke nan. Sai dai sa ido. Ta zauna wurinmu har ta sauka a likita, anka sa jaririyar ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, anka ƙara mata jini. Alhamdu lillahi tana raye, tana rarrafe.

Mun san gaskiyar ƙasarmu. Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne, amma allurar tana da tsada, ba kowane shagon magani ke da ita ba, kuma a sanyi ake ajiye ta. Awa 72 kwana uku ne kacal. Ga wadda ta haihu a ɗaki can wajen Tillia ko Tassara, kafin a samu mota da kuɗi sun cika. Don haka shirin tun ciki yana ƙarami ake yin shi.

Mata, a ciki na fari ku nemi a gwada rukunin jininku, a rubuta a karnen awo. Maza, kafin ku tahi biɗa ku gwada naku. In ku duka negatif ne, babu damuwa. In matarka negatif ce, kai pozitif, ka ware kuɗin allura kamar yadda kake ware na ragon suna, kuma ta haihu a likita. Jaririn da idonsa ya yi ɗorawa ranar farko, kar a tsaya jiƙo, a kai shi nan take. Ku kuma masu jinin negatif, ku ba da sunanku wurin masu ajiyar jini, domin ranar da irin ƙanwarmu ta zubar da jini, naku kawai za a iya sa mata.

Rai na Allah ne, amma Shi ya ce a nemi magani. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da anka haifa.