Waiwaye: Keken Ɗinkin da Ya Haye Gada

Duk wanda ya tashi a Unguwar Dosa a shekarun 1970 da 1980 ya san irin gidajen hayar da muka zauna a ciki: dogon gida mai ɗakuna jere hagu da dama, famfo ɗaya a tsakar gida, igiyar shanya ɗaya, banɗaki can a ƙurya. Namu ƙofa takwas gare shi. Mu Zazzagawa ne. Ɗakin da ke kallon namu na Yarabawa ne, a gefe akwai Banufe ma'aikacin jirgin ƙasa, da wani Inyamuri mai sayar da kayan gyaran mota. A shagon bakin ƙofa kuma akwai wani tela mutumin Kagoro, Kirista, wanda mu yaran gidan muke kira Baba, haka kawai, ba tare da wani ƙari ba.

Idan azumi ya kai goman ƙarshe, Baba ba ya barci. Ƙarar kekensa muke kwana ji, ita kuma ke tashe mu sahur. Yakan rataye tef a wuya, ya maƙale allura a bakin riga, fitilar ƙwai na gefensa ko da za a ɗauke wuta, yana fama da shaddodi da atamfofin Sallar da ba tasa ba. Da an sha ruwa sai Inna ta zuba kunun tsamiya a kwano, ta ɗora ƙosai a kan murfi, ta ce, "Ungo, kai wa Babanku." Na taɓa ce mata ai shi ba ya azumi. Ta dube ni ta ce, "Don ba ya azumi sai aka ce ba shi da ciki?"

Idan Kirsimeti ta zo, shi kuma yakan sayo akuya a kasuwar Kawo, ya ɗaure ta a gindin famfo. Da safe sai ya yi sallama a ƙofarmu: "Malam, a taimaka a zo a yanka mana, don yara su ci." Mahaifina ya wasa wuƙa, ya fuskantar da ita alƙibla, ya yi bisimilla. Kafin azahar kwanukan shinkafa sun zaga ɗakuna takwas.

Ba aljanna ba ce. Zo mu zauna, zo mu saɓa. An yi cacar baki a kan layin famfo, an yi a kan kuɗin wuta, an yi a kan faɗan yara. Amma idan aka yi, sunan wanda ya yi laifi ake kira, ba a kiran addininsa.

Garin ne ma kansa haka yake. Kaduna garin ma'aikata ce. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, masaƙun Arewa da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, matatar mai a 1980. Da sassafe motocin haya kan cika daga Kawo, su bi ta tsakiyar gari, su haye gada zuwa Kakuri, ɗauke da Musa da Musa, ɗaya zai yi sallar azahar a harabar masaƙa, ɗaya sai Lahadi zai je coci. Inji ɗaya suke yi wa aiki, ƙungiyar ƙwadago ɗaya suke biya wa kuɗi. Ga barikin sojoji da makarantar horar da hafsoshi ta NDA a maƙwabtanmu, cike da 'yan kowace ƙabila. A lokacin kogin Kaduna ruwa ne kawai, wanda masunta ke jefa koma a ciki, manoman rani ke ban-ruwa a gaɓarsa.

Sai dai bangon yana da tsaga tun daga tushe, mu ne yara ba mu gani ba.

Dalili na farko shi ne tsarin garin kansa. Turawa ne suka kafa Kaduna a ƙasar Gbagyi. Bayan Gwamna Lugga ya ci Kano da Sakkwato a 1903, ya kuma haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Tun ranar farko da ma'auni da igiya aka zana garin, an ware kowa da nasa wuri: Turawa a unguwarsu mai itatuwa, sojoji a bariki, ma'aikata da leburori a nasu ɓangaren. Ƙa'idar tsara birane ta wancan zamani ta tanadi a bar fili fetal mai faɗin yadi 440 tsakanin gidan Bature da na baƙar fata, wai don gudun sauro da gobara. A Kano da Zariya kuwa an ƙirƙiri Sabon Gari don baƙi 'yan Kudu, nesa da ganuwa, don kada su cuɗanya da mutanen birni. Nan aka fara koya mana cewa zaman lafiya yana cikin nisantar juna.

Na biyu shi ne makaranta. A Sakkwato Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, don haka aka taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen Musulmi. Ko Dokta Miller, ɗan mishan da ya zauna cikin birnin Zariya, a ƙarshen shekarun 1920 sai da aka mayar da mishan ɗinsa Wusasa. Amma gwamnatin da ta tare mishan ba ta cike gurbin da makarantun kanta masu yawa ba. 'Yan kaɗan ta buɗe, irin ta Ɗan Hausa a Nasarawar Kano a 1909 da Kwalejin Katsina a 1922, akasari don 'ya'yan sarakuna da malamai. A kudancin lardin Zariya kuwa, wurare irin Kwoi da Kagoro, an sakar wa mishan mara, suka gina coci da aji da ɗakin shan magani a jere. Boko ya shigo wa wasu da rigar Kiristanci, wasu kuma suka guje shi saboda wannan rigar.

Na uku, wanda ya fi ciwo, shi ne mulki. Gaskiya ɗaya ce, kuma dole mu Hausawa mu faɗe ta: tun kafin zuwan Bature akwai tabon hare-haren kamun bayi tsakanin masarautu da al'ummomin kudu. Bature bai yi wa wannan miki magani ba, gishiri ya zuba masa. Don sauƙin karɓar haraji, ya ɗora hakimai daga Zazzau da Jama'a a kan mutane irin Atyap da Bajju, ya ba su ƙarfin bindigarsa, ya sa su tattara haraji da leburorin aikin dole. Talakan da aka tsare a rana saboda haraji bai ga Bature ba, dogari ya gani da rawani. Kwamitin Willink ya saurari koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958, amma aka ba da mulkin kai a 1960 ba a warware ƙullin ba. Aka bar mu kowa da ƙorafinsa a ciki: wannan yana ganin an mulke shi, wancan yana ganin an riga shi shiga aji da ofis. Kuma kowane ƙorafi yana sanye da rigar addini.

Muddin masaƙu na juyawa, albashi na shigowa, tsagar ba ta buɗe ba. Da tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, aka fara sallamar ma'aikata, matasa suka cika bakin titi, sai ƙadangare ya samu wurin shiga. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, ya fantsamo Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. A 1992 saɓani kan sauya wa kasuwa matsuguni a Zangon Kataf ya zama zubar da jini, a watan Mayu wutar ta iso cikin Kaduna. Duk da haka Baba bai tashi ba. Yakan ce wa mahaifina, "Malam, ina za ni? A nan aka haifi 'ya'yana."

Sai ranar Litinin, 21 ga Fabrairun 2000. Zamfara ta riga ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ana muhawara a majalisar dokokin Kaduna ko za a bi sahu. Musulmi sun yi gangamin goyon baya, ranar kuma Kiristoci suka fito zanga-zangar ƙin amincewa. Kafin rana ta take, hayaƙi ya rufe sararin gari. An ƙone masallatai, an ƙone coci-coci, an tare mutane a hanya ana tambayarsu suna. Kwamitin binciken da gwamnatin jiha ta kafa ya ce mutum 1,295 suka mutu, ƙungiyar Human Rights Watch kuma ta ce sun kai aƙalla 2,000 idan aka haɗa da na rikicin da ya sake ɓarkewa a watan Mayun shekarar. An yi ramuwar gayya a kan 'yan Arewa a Aba da wasu garuruwan Gabas.

Kwana biyu Baba da iyalinsa suka yi a uwar ɗakin Inna, an saki labule, mahaifina na zaune a bakin ƙofa da carbinsa. A rana ta uku aka raka su bariki. Irin wannan ya faru a gidaje da yawa, a tsallaken kogi ma Kiristoci sun ɓoye Musulmi a ƙarƙashin gadajensu. Bayan ƙura ta lafa, Baba ya dawo da akori-kura. Ni da ƙanena muka ciccibi keken ɗinkin, muka kwance kan, muka naɗe shi da tsohon zani, muka ɗaure ƙafar da igiya a jikin mota. Ya riƙe hannun mahaifina ya daɗe bai saki ba. Ya ce, "Malam, ba ku na guda ba. Dare nake tsoro." Mahaifina ya kasa cewa komai sai "Allah Ya kiyaye hanya." Motar ta nufi Sabon Tasha.

Haka gari ya rabu. Kiristoci suka tattara zuwa Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. Musulmi suka tattaro zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Badarawa da Unguwar Dosa. Wasu sun sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu musaya suka yi, gida da gida. Rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, wanda ya ci rayuka wajen 250, da na bayan zaɓen 2011, suka ƙarasa abin da ya rage. Har ta kai ana kiran arewacin kogi Makka, kudancinsa Kudus. Filin yadi 440 da Bature ya bari tsakaninsa da mu, yau mu muka shimfiɗa shi tsakanin junanmu, muka sa kogi a tsakiya.

Mun saba ɗora laifin a kan 'yan siyasa da 'yan daba, kuma suna da kasonsu. Amma laifi tudu ne. Da yawa daga waɗanda suka ɗauki adda a kwanakin nan, ta kowane ɓangare, sun ɗauka ne suna ganin lada suke nema. Wannan ita ce cutar da ta fi kowace girma: mutum ya yi kisa da natsuwar zuciya, don an shekara ana gaya masa ta lasifika cewa maƙwabcinsa ba mutum ba ne, "arne" ne, ko kuma an shekara ana gaya masa a coci cewa duk mai hula da carbi yana jiran ranar yanka shi. Imanin da babu ilimi a tare da shi wuta ce a hannun yaro. Ni Musulmi ne, kuma addinin da na koya a gaban mahaifina shi ne wanda ya girmama haƙƙin maƙwabci ko wane ne shi, wanda sahabbansa na farko suka samu mafaka a Habasha wurin sarki Kirista, wanda Annabinsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi baƙuncin Kiristocin Najran a Madina. Wanda ya ƙone gidan maƙwabci da sunan wannan addini ya zalunci maƙwabcin, ya kuma zalunci addinin.

Asarar ba ta tsaya a kan waɗanda aka binne ba. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, wurin da ya fi haɗa mu ya zama kufai. Yau akwai yaro a unguwarmu da ya gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da Kirista ba, akwai takwaransa a Narayi da bai taɓa cin naman layya daga hannun maƙwabci ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗan'uwansa, a waya ya gani ko a bakin mai wa'azi ya ji. Wanda ba ka sani ba kuwa, duk ƙaryar da aka yi masa sai ta zauna.

Amma gyara mai yiwuwa ne, kuma a garin nan aka nuna haka. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye sun yaƙi juna a 1992: Fasto ya rasa hannunsa na dama, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 suka haɗu, suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suna cikin waɗanda suka tsaya aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna ranar 22 ga Agustan 2002. Gwamnatin Ahmed Maƙarfi kuma ta ƙirƙiri masarautu ga al'ummomin kudancin jiha, ta ba kowa kotun da ta dace da shi, wato ta taɓa ƙullin da Bature ya bari. Idan waɗanda suka zubar da jinin juna za su iya zama tabarma ɗaya, mu ba mu da uzuri.

Bature ya ja layi, gaskiya ne, amma ya tafi tun 1 ga Oktoban 1960. Ba shi ya riƙe adda a 2000 ba, ba kuma shi zai dawo ya share layin ba. Ina kira ga malamanmu da fastoci su ji tsoron Allah a kan abin da suke furtawa a kan mumbari. Ina kira ga masu gidajen haya su daina tambayar addinin mai neman ɗaki. Ku kuma iyaye, tsarana, da kuka ci shinkafar Kirsimeti kuka kai naman Sallah, kada ku mutu da wannan labari a cikinku. Ku ba 'ya'yanku shi, ku kama hannunsu ku haye gada da su, ku nemo tsofaffin maƙwabtanku tun suna raye ku gaishe su. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya zaunar da Kaduna lafiya.