Guzurin mai zuwa Damagaram koyon Hausa

Duk shekara, idan tahowar ɗalibai baƙi ta ƙarato, tambaya ɗaya nake amsawa: "Malam, me zan riƙo?" Masu tambayar sun shafe shekara biyu ko uku suna karatun Hausa a Warso ko Hambug ko Bejin, sun haddace giredin aikatau irin na Parsons, amma abin da suka sani game da Damagaram bai wuce cewa ana zafi ba.

Ana zafin kuwa. Daga Maris zuwa Mayu, wato bazara, ma'auni yakan haura digiri 40, har ruwan randa ya zama abin marmari. Sai dai wanda ya zo zangon farko, wajen Oktoba, zai tarar da ƙarshen kaka ne, sa'an nan hunturu ya rufe shi a Disamba da Janairu. A nan zai koyi bambancin da ƙamus ke yi wa taƙaitaccen bayani: sanyi daban, ɗari daban. Ɗari busasshe ne, yana zuwa da iska da hazo, yana tsaga leɓe, yana sa kaushi da faso a dunduniya. Na sha ganin wanda ya taso cikin ƙanƙara yana rawar ɗari da asuba a garinmu, domin gidajenmu an gina su ne don su kori zafi. Saboda haka rigar sanyi guda ɗaya mai kauri tana cikin wajibai. Man shafawa kuwa kada a wahala da shi, man kaɗe yana nan a kasuwa.

Abin da ba a samu a kasuwa shi ya cancanci gurbi a akwati: fasfo, katin rigakafin cutar shawara wanda ake nema a bakin shiga ƙasa, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, tabarau na biyu ga mai sa tabarau, da ƙaramar na'urar naɗar murya. Bakin wutar lantarki a Nijar mai ƙafa biyu ne zagayayyu irin na Faransa. Da an tsallaka Kano sai a ga mai ƙafa uku irin na Ingila. Ƙamus ɗaya ya isa.

Tufafi ne inda muke saɓani da ɗalibaina. Su suna so su cika kilo 23 ɗin da kamfanin jirgi ya yarje musu, ni kuwa ina cewa su riƙo na mako guda, na auduga, masu yalwa, masu rufe kafaɗa da gwiwa, su bar sauran ga tela. Dalilina na koyarwa ne. Ɗalibar da ta zo da komai ba ta da uzurin shiga kasuwa. Wadda ta zo da buƙata kuwa dole ta taya turmin atamfa, a ce mata "albarka", ta ƙara, a sallama, ta kai wa tela, ya ce ta dawo jibi, ta dawo ta gane cewa jibin tela yana da tsawo. A wannan zirga-zirgar za ta iske lissafin da ba a koyarwa a aji: a nan da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya tamma biyar ce, don haka "dala ashirin" ɗari ke nan, "jikka" kuma dubu. Za ta ji "lakwal" inda littafinta ya ce makaranta, "kaye" a maimakon littafin rubutu. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Ni a ganina buƙata ce sandarsa.

Sa'ad da na tafi Kano ƙaro ilimi, mahaifiyata ba ta tambayi nauyin akwatina ba. Ta ƙulla mini kilishi da dakuwa da ƙuli-ƙuli, ta ce rabi nawa, rabi na mutanen da za su sauke ni. Na farkon shi ne guzuri, abin da matafiyi ke ci a hanya. Na biyun tsaraba, abin da yake miƙa wa wanda ya tarar. Baƙinmu sukan tuna da na farko su manta da na biyu, alhali iyalin da za su riƙe mutum wata huɗu suna lura. Ba tsada ake dubawa ba. Ganyen shayi, turare, alewar yara, da hotunan iyaye da za a zauna a kalla ana tambayar wane ne wannan, duk sun wadatar.

Tsarabar komawa ita ma tana son wuri, shi ya sa nake cewa a bar sulusin akwati fayau. Dukawan Damagaram sun shahara da aikin fata, kuma jaka da takalmi ba sa naɗuwa. Kilishi dai a cinye shi a nan, don jami'an kwastan na Turai ba sa barin nama ya shiga a kayan matafiyi.