Dahab, Ramin Shuɗi da Tsohuwar Kwamfutar Nutsona

Garin Dahab yana gabashin zirin Sina'i na ƙasar Masar, a bakin mashigin Aƙaba, wanda reshe ne na Bahar Maliya. Ma'anar sunan da Larabci zinariya. A da zangon Larabawan ƙauye ne na ƙabilar Muzaina, masunta da makiyaya, kafin baƙi su gano abin da ke ƙarƙashin ruwansa. Idan gari ya waye sarai, mutum na iya hango duwatsun Saudiyya a ɗaya ƙetaren. Abin da ya bambanta Dahab da sauran wuraren nutso shi ne ba sai an shiga jirgin ruwa ba: daga bakin gaɓa mutum zai goya tukunyar iskarsa, ya taka 'yan taku, sai ga shi a kan gandun murjani, kifaye suna kai da kawo kamar ranar kasuwa.

Shekara goma ke nan ina zuwa garin tun da na koyi nutso lokacin da nake karatu a Alƙahira, kuma duk tsawon wannan lokaci na'ura ɗaya ce ɗaure a tsintsiyar hannuna. Kwamfutar nutso ake kiranta, ko da yake wanda bai sani ba zai ɗauka ƙaton agogo ne. Tawa mai maɓalli ɗaya ce, fuskarta baƙi da fari, duk ta sha ƙarzuwa. A wannan zuwan, shagunan da ke jere a bakin ruwa sun cika da sababbin ƙira masu fuska mai launi, masu haɗuwa da wayar hannu, wasu ma suna karanta yawan iskar da ta rage a tukunya ba tare da igiya ba. Farashi yana farawa daga kimanin dala 200, ya wuce dala 1,000. Duk wanda ya juya wannan zuwa naira zai fahimci dalilin da ya sa na kwana uku ina juya maganar.

Ya kamata mai karatu ya san aikin na'urar tukuna. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. A doron ƙasa ba ruwanta da kowa. Amma duk mita 10 da mutum ya nutsa, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin duniya gaba ɗaya, sai naitirojin ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka. Idan ya taso a hankali, za ta fita ta huhu. Idan ya yi gaggawa, za ta tashi kumfa a cikin jiki kamar yadda kwalbar lemo take yi in an buɗe ta farat ɗaya. Kumfar na iya tsayawa a gaɓoɓi ta haddasa azaba, tana iya toshe laka ta shanye ƙafafu, tana iya kisa. A 1908 ne masanin nan John Scott Haldane ya fitar da jadawalin tasowa na farko domin sojojin ruwan Ingila, daga baya likita Albert Bühlmann na birnin Zurik ya faɗaɗa lissafin. Abin da kwamfutar take yi shi ne auna zurfi da lokaci, ta bi irin wannan lissafi, ta gaya wa mai nutso minti nawa suka rage masa. A mita 18 yana da kusan awa guda. A mita 30 kuwa kimanin minti 20 ne kacal.

To a nan maganar take. Lissafin da ke cikin yawancin sababbin na'urorin nan masu tsada na Bühlmann ne, wanda ya girmi da yawa daga cikin masu sayen su. Babu wadda take leƙa jinin mutum ta ga kumfa. Dukkansu kintace suke yi bisa ƙa'ida, tsohuwa da sabuwa. Bambancinsu shi ne wata ta fi wata tsantseni, wata kuma tana barin mai ita ya sassauta lissafin da kansa. Wannan damar sassautawa, wadda ake tallata ta a matsayin ci gaba, ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ruwa ba sa'an kwando ba ne, kuma ƙarin minti biyar da mutum ya matso daga na'ura jikinsa ne zai biya.

Wanda yake shakka ya je Ramin Shuɗi, 'yan kilomitoci arewa da garin. Wani ƙaton rami ne a cikin murjani, dab da gaɓa, zurfinsa ya kai mita 100. Daga sama ruwan kwance yake lumui, har yara suna iyo a gefensa. A can ƙasa, wajen mita 55, akwai wata ƙofa mai kama da bakan gizo wadda ta ɓulle zuwa buɗaɗɗen teku. Iyakar da aka gindaya wa masu nutson nishaɗi mita 40 ce. Bayan mita 30 naitirojin takan fara bugar da mutum kamar maye, ya ji daɗi, ya raina haɗari, lissafi ya kwance masa. A jikin dutsen da ke gefen hanya an manna alluna masu ɗauke da sunayen waɗanda suka nufi ƙofar nan ba su dawo ba, cikin harsuna iri-iri. Na daɗe a tsaye ina karanta su. Na'ura tana iya yin ƙara har ta gaji, amma ba ta da hannun da za ta janyo mai ita sama. Masu ratsa ƙofar bisa ƙa'ida suna shaƙar iskar da aka gauraya da hiliyom, suna ɗauke da tukwane fiye da ɗaya, bayan dogon horo. Su kam tilas su mallaki kwamfutar da ta san irin wannan gauraye. Ni da ba na wuce mita 30, me zan yi da ita?

Ba wai sababbin ba su da abin yabo ba. Ruwa yana haɗiye launin ja tun a 'yan mitocin farko, kuma da yamma ko a cikin ɓaraguzan jirgi haske kan yi ƙaranci. Mutumin da ya fara miƙa hannu nesa kafin ya karanta jarida, kamar yadda na fara, zai ji daɗin manyan lambobi masu haske, kuma lambar da ba a iya karantawa ba ta da amfani. Haka nan ma'aunin matsi yana tsufa, yana iya fara faɗin zurfin da ba daidai ba. Akwai kuma batun naitiros, wato iskar da aka ƙara wa oksijin zuwa kashi 32 cikin ɗari domin a daɗe a ƙasa, wadda ba a wuce kimanin mita 34 da ita. Na'urar da ba ta san ta ba ta zama tarihi. Waɗannan ukun su ne dalilan da na yarda da su. Haɗuwa da waya kuwa, don a nuna wa abokai zanen nutson jiya, ado ne kawai.

Wani dattijon malamin nutso, Bamasare, wanda muka sha shayi tare a bakin ruwa, ya ƙara mini wata hujja. Ya ce ko da zan saya, kada in sauya na'ura a tsakiyar tafiya, domin tsohuwar ita ce take riƙe da lissafin naitirojin da na tara cikin kwana uku, sabuwar kuwa za ta ɗauka yau na fara shiga ruwa, ta ba ni lokacin da ba ni da shi. Sai dai in haƙura da ruwa na kwana guda cur. Na ce masa mu a wajenmu cewa ake yi ba a fafa gora ranar tafiya. Ya nemi in fassara, ya yi dariya.

Washegari muka gwada. Muka sauka tare, ya kara hannunsa kusa da nawa a mita 10, da 20, da 28. Lambobin sun zo ɗaya, in ban da ɗan abin da bai kai rabin mita ba. Tawa ta san naitiros, kuma har yanzu ina karanta ta ba tare da ƙifta ido ba. Na sa aka sauya mata batir da robar da ke hana ruwa shiga, aka gwada ta a tukunyar matsi. Wani ɓangare na kuɗin da na tanada na sayi inshorar masu nutso, domin akwai ɗakin matsi na jinyar ciwon kumfa a Dahab da Sharm el-Shek, kuma jinyar ba ta arha ba ce.

Ranar ƙarshe abokan tafiya suka shirya hawan Dutsen Sina'i da dare don ganin fitowar rana. Tsayinsa mita 2,285 ne, kuma ga wanda ya kwana biyar yana nutso, hawa irin wannan tudu ɗaya yake da shiga jirgin sama, wanda ake so a jinkirta aƙalla awa 18. Na duba hannuna, na ga ɗan hoton jirgi yana nan a kusurwar fuskar, da sauran awa 14. Suka tafi, na zauna a gari na ci gasasshen kifi.