Zaɓen Kyamara don Adabin da Ake Yi da Dare

Kaso mai tsoka na adabin bakan Hausa da dare ake aiwatar da shi. Tatsuniya sai an ci tuwon dare, har al'ada ta tsoratar da yara kan yin ta da rana. Tashe yana kankama ne idan azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa. Wasannin dandali kuwa farin wata suke jira. Magabatan da suka tattara wannan adabi, tun daga Frank Edgar da ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa tsakanin 1911 da 1913 har zuwa Ibrahim Yaro Yahaya, kalmomi suka adana a takarda, don haka duhu bai dame su ba. Ni da na ƙudurta ɗaukar gajerun bidiyo na aiwatarwa ina sakawa a YouTube tare da sharhina, duhu ne ya fara tare ni, tun kafin batun ra'in da zan ɗora nazarin a kansa.

Shawarar da aka fi ba ni ita ce in sayi fitila mai ƙarfi in ɗaura bisa kyamara. Na ƙi, kuma dalilina na nazari ne. Tsohuwar da ke yi wa jikokinta tatsuniya a tsakar gida, da zarar an dalle mata fuska da haske, muryarta ta koma ta mai amsa tambayar baƙo. Yaran da ke gyangyaɗi a jikinta sun wartsake, sun koma kallon fitila. Dodon da ake sassauta murya kafin a ambace shi ba ya firgita kowa a fili tarwai. Abin da mai bincike zai koma gida da shi wasa ne da shi ya haddasa, ba wanda ya je nema ba. Ke nan kyamarar da nake bukata ita ce wadda za ta wadatu da ɗan hasken da ta tarar, ko da na ƙwan lantarki ɗaya ne.

A kasuwa yawan megafiksel ake fara faɗa wa mai saye, alhali ba shi ne ma'auni a nan ba. Sony A7S III, wadda ta fito a 2020 ta kuma yi suna a aikin dare, megafiksel 12 kacal gare ta. Abin dubawa shi ne girman sensa, wato ɗan faifan da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara. Kamar kwano ne da aka tara a ruwan sama: faɗin bakinsa ke yanke abin da zai samu. Sensar da ake kira inci ɗaya, irin ta Sony ZV-1 da DJI Osmo Pocket 3, milimita 13.2 ce da 8.8. Ta APS-C, irin ta ZV-E10, wajen 23.5 ce da 15.6, wato ta ninka waccan kusan sau uku. Babbar, mai 36 da 24, ta fi su duka, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, nauyinta kuma bai dace da mai bin 'yan tashe lungu-lungu ba.

Sensa kuwa ba ta ganin komai sai abin da gilashin gaba ya bari ya wuce. Ana auna ƙofar haskensa da lambar f, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa: f/1.4 tana shigar da ninki huɗu na hasken da f/2.8 ke shigarwa. Gilashin da ake haɗowa da kyamara a kwali yakan fara daga f/3.5, ya tsuke zuwa f/5.6 idan an jawo hoto kusa, wanda bai isa aikin dare ba. Da wannan lissafi na tsaya a kan ZV-E10 ta hannu da gilashin Sigma mai milimita 16 da f/1.4.

Wannan zaɓi yana da farashinsa, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Idan ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, abin da aka saita kaɗai ke fitowa tangaram, na bayansa su dushe. Masu ɗaukar kansu suna son haka, don yana ƙawata fuska. Amma a tatsuniya masu sauraro ɓangare ne na aiwatarwa: su ke amsa mabuɗi, su ke karɓar waƙa, dariyarsu ce ke sa mai bayarwa ta tsawaita wani wuri ta gajarta wani. Hoton da ya dusar da su ya riga ya yanke hukuncin cewa mai magana kaɗai ke da muhimmanci. Saboda haka nakan ja da baya, in tsuke ƙofar zuwa f/2, in ɗaga ISO, in haƙura da ɗige-ɗigen da ke bayyana kamar an watsa tsaki. Gara hoto mai tsaki da kowa ya fito a ciki.

Ba na barin kyamara ta auna haske da kanta. Farar riga ɗaya ko ƙwan fitila a gefe ya isa ya ruɗe ta, ta rage haske har baƙar fata ta nutse, alhali a fuska ake karanta zolaya da tsoro. Da hannu nake saitawa, a kan fuskar mai magana. Ina ɗauka a hoto 25 cikin daƙiƙa, da saurin marfi 1/50, domin ya dace da wutar lantarkinmu mai zagaye 50; in janareta ne mai tangal-tangal, hoton yakan yi ƙyafta-ƙyafta duk da haka.

Abin da ya rage a aljihu na sa shi a ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, da maɗori mai ƙafa uku, da batir biyu. Makirufon nakan miƙa wa babbar jikar gidan ta maƙala wa kakarta a bakin zane tun ana cin tuwo, bayan na nemi izinin maigida da na tsohuwar kanta.