Abin da Ke Ƙarƙashin Ledar Kujera

A Kano mota ta ciki take fara tsufa. Inji yana iya kai shekara 30 yana tashi da bugu ɗaya, amma kujera ba ta da wannan juriya. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe aka bari a rana yakan haura 60. Wannan zafi ne ke busar da man da ke sa leda laushi har ta tsage, sannan ƙurar hunturu ta bi tsagar ta shiga soso ta riƙa cin sa. Kafin a ankara, direba yana zaune a kan ƙarfe, ya tare da tsohon matashin kai.

A wannan hali wata Peugeot 504 ta faɗo hannun wani akanta mai aiki a asibiti, bayan rasuwar mahaifinsa. Motar haɗin Kaduna ce, daga kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975, wanda ya ci gaba da haɗa 504 har 2006, shekaru da yawa bayan an daina ƙera ta a Faransa. Wajen rabon gado 'yan'uwansa sun so a sayar wa 'yan gwangwan. Shi ya ce a yi mata kuɗi a sa a kasonsa. Mai ɗinkin kujerun da ya fara tuntuɓa bai tsawwala farashi ba, sai dai shirinsa shi ne ya ɓare komai ya lulluɓe da baƙar leda mai ƙyalli irin ta motar haya. Akantan kuwa motar babansa yake so, da launinta na ƙasa-ƙasa da layukan ɗinkinta. Ya ce zai yi da kansa, alhali ko maɓalli bai taɓa ɗinkawa ba.

Kwance kujera daga mota aikin sifana ne na ɗan lokaci. Bayan an kife ta ne ake ganin cewa ba abu ɗaya ba ce: akwai ƙashin ƙarfe, akwai sifirin, akwai soso, sannan riga. Rigar ba zura ta ake yi kamar ta matashi ba. Ƙananan zobba na waya ne ke damƙe ta da ƙarfen, wasu kuma suna janyo ta cikin kwarin soso ta hanyar siririn ƙarfe da aka zura a aljihun ɗinki. Wannan ja shi ke ba kujera siffarta. Wanda ya manta da shi, komai kyan ɗinkinsa, kujerarsa za ta fito kamar buhun gero.

A nan ne mafi yawan masu koyo ke yin asarar da ba ta gyaruwa, domin hannu yana ƙaiƙayin yaga tsohuwar riga a jefar. Tsohuwar riga ita ce taswirar aikin gaba ɗaya. Akantan, wanda sana'arsa ta koya masa kada ya yar da takarda, ya ɗauki hoton kowane ɓangare da waya, ya sa wa kowane ƙyalle lamba, ya ja alli a ƙetaren kowane ɗinki don ya san inda gefe ke haɗuwa da ɗan'uwansa, sannan ya farke zaren da reza. Kujera ɗaya ta ba shi ƙyallaye fiye da goma. Ya shanya su a rana suka miƙe, ya zana su a kwali. Ya fara da kujerar fasinja, wadda ba ta ci wuya sosai ba, ya yi amfani da zanenta a juye wajen ta direba, wadda gefenta ya riga ya lalace.

Ya so fata, amma kasuwa ta sauya masa ra'ayi. Abin mamaki ne a birnin majema da dukawa, inda fatar jar akuya ta yi sunan da har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, a ce fatar kujera ta yi wuya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: fatar akuya ta yi ƙanƙanta ga faɗin kujera, ƙirgin saniya kuma da yawansa tukunya yake tafiya a matsayin ganda. Ya koma ga leda a Ƙofar Wambai, inda wani mai shago ya nuna masa abin da ya fi launi muhimmanci, wato saƙar da ke bayanta. Leda takan fi miƙewa ta ɓangare ɗaya, don haka dole a yanka ƙyallayen duka suna bin hanya guda, in ba haka ba wani gefe ya yi tamau, wani ya yi tattara.

Ɗinki ne ya kusa karya masa gwiwa. Keken matarsa, Butterfly irin na ɗaki, ya ɗinka ninki biyu da ƙyar, amma da aka zo inda leda huɗu ke haɗuwa da siririn soso, sai allura ta karye, ta biyu ma haka. Keken gida daga ƙasa kawai yake jan yadi, leda kuwa tana manne wa ƙafar keke, sai na sama ya tsaya na ƙasa ya wuce. Keken masu kujera yana da ƙafa mai tafiya, wadda ke ja sama da ƙasa tare. Ga kuma wani hali na leda: ramin allura ba ya rufewa. A atamfa ana farkewa a sake, a leda kowane kuskure yana nan har abada, kuma in ɗinki ya yi ƙanana da yawa, sai ya zama layin yaga kamar na rasit.

Ya koma wurin dattijon da ya ƙi ba wa aikin tun farko, ɗauke da ƙyallayensa masu lamba. Dattijon ya jujjuya su ya ce, "Alhaji, wa ya koya maka sa alama?" Ya ce, "Baba, tsoro ne ya koya mini." Suka daidaita a kan zai riƙa zuwa ran Asabar da yamma yana hawa keken, yana biyan kuɗin zare da na wuta. Ana iya cewa wannan ya rage wa aikin sunan na kai, amma babu mai hankalin da zai sayi keken masana'anta saboda kujeru uku.

Sai maganar soso. Na kujerar direba ya lotsa ta hagu, wajen da marigayin ya shekara yana zamewa ya fita, kuma lotsawar ta ɗauki siffar jikinsa. Ƙa'idar aiki ita ce a yanke ruɓaɓɓen wuri, a manna sabon soso mai tauri da gam, a sassaƙe shi da doguwar wuƙa har ya daidaita. Soson katifa mai laushi ba ya yi, wata kaɗan zai kwanta. Mutumin ya yi mako biyu bai taɓa shi ba. Mahaifiyarsa, wadda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne, ta gan shi tsugune a kansa ta ce, "Kai, bayanka ne zai zauna a kai, ba nasa ba." Ya yanke gefen, ya bar tsakiyar, ya shimfiɗa sabo mai kaurin inci ɗaya a sama.

Wanda motarsa ta zamani ce kada ya ɗauki wannan labari a matsayin izini. Kujerun Corolla da Accord na shekarun baya-bayan nan da yawansu suna ɗauke da jakar iska a gefe, kuma an yi wa rigarsu ɗinki na musamman da zai ɓalle lokacin haɗari. A ɗinke wurin da zare mai ƙarfi, jakar na iya kasa fitowa yadda ya kamata. Ko cire irin wannan kujera ba a yi sai an cire kan batir an ɗan jira. 504 ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan, shi ya sa ta dace da ɗan koyo.

Ranar sa riga ya bar ledar a rana har ta yi laushi, ya juya ta bai, ya fara damƙe zobban tsakiya kafin na gefe, ƙaninsa yana danne soso yana ja. Wannan ƙanin yana cikin waɗanda suka ce a sayar. Kujerar fasinja ta fito da tattara biyu a kafaɗa, ta direba da ɗaya, ta baya babu ko ɗaya, domin kafin a kai gare ta hannu ya faɗa. Aikin ya ci wata huɗu na Asabar da Lahadi, kuma da ya yi lissafi, har da ledar da ya ɓata da filaya ta musamman da ya saya, bai rage komai a kan farashin dattijon ba.

Rufin ciki ya rage. A irin wannan mota yadin yana rataye ne a kan sandunan ƙarfe, bakinsa kuma yana shiga ƙarƙashin robar gilashi, robar da ta bushe tun zamanin mulkin soja. Ya tambayi dattijon ko zai iya. Dattijon ya ce ya fara nemo sabuwar roba a Ƙofar Ruwa, in ya samu su yi magana.