Shuɗin Nan Na Gurbin Adireshi

A ɗakin kwamfuta na makarantarmu uku-uku muke zama a kan kwamfuta ɗaya, kuma darasin minti 40 ne kacal. Idan aka cire lokacin tayar da janareta da kiran suna, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa ƙaramin abu kamar gurbin adireshi, wato dogon akwatin nan da ke saman burauza, yake iya haɗa mu faɗa.

A kwamfutocin da ke da Windows, da zarar ka danna gurbin sau ɗaya, sai adireshin gaba ɗaya ya yi shuɗi. Ma'anar shuɗin ita ce an zaɓe shi duka, kuma duk harafin da ka buga zai maye gurbinsa. Ga mai son rubuta sabon adireshi, wannan gata ne. Amma ku duba wanda ya kwafo dogon adireshi daga allo da yatsa ɗaya, shafi ya ƙi buɗewa, sai ya hango harafi ɗaya ne bai zauna daidai ba. Ya danna zai gyara, ya buga harafin, komai ya ɓace. Na kusa da shi kuwa har sun fara jan linzami, wai lokacinsa ya ƙare.

Tsofaffin kwamfutoci biyun da ke lungu halinsu daban. Linux ce a cikinsu, da wani tsohon Firefox da ba a sabunta ba. A can, danna ɗaya ba ya kawo shuɗi, ɗan layin nan mai ƙyaftawa kawai yake ajiyewa a inda ka taɓa. Wanda hannunsa ya saba da Windows sai ya dinga rubuta sabon adireshi a tsakiyar tsohon, ya haɗa wani kwamacala da ba ya kai mutum ko'ina.

Mun tambayi malamin kwamfuta dalili. Ya ce a Linux duk rubutun da ka zaɓa ana riƙe maka shi, ka liƙa shi da maɓallin tsakiya na linzami. Da gurbin yana zaɓar kansa, da ya goge abin da mutum ya riƙe. Sai a watan Afrilu na 2020, da Firefox 75 ya fito, aka samo dabara, Linux ta bi sahun Windows da Mac. Namu na lungu dai labarin bai iso musu ba.

Waya ma da nata salon. A Chrome na Android, in ka taɓa gurbin sai ya zama fayau, adireshin ya sauko ƙasa da hoton fensir a gefensa, shi za ka taɓa ka yi gyara.

Yanzu in mun ga shuɗi, sai mu dakata kaɗan mu sake dannawa a inda muke so. In rubutu ya ɓace, Ctrl da Z na dawo da shi. Ctrl da L kuma na zaɓar adireshi duka a Windows da Linux.

Malamanmu, jarrabawar gwaji ta kusa, kuma ba mu ke zaɓar wurin zama ba. Don Allah a liƙa 'yar takarda a jikin kwamfutocin lungu, ko a sabunta su kafin ranar.